Golf 3 GTI da ta shekara uku a ajiye: in saya in gyara da hannuna?

“Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Zariya. Akwai wata Golf 3 mai ƙofa biyu, an rubuta GTI a bayanta, ta kai shekara uku a ajiye a harabar gidan maƙwabtanmu tun da mahaifinsu ya rasu. 'Ya'yan sun ce za su sayar mini. Tun ina yaro nake sha'awar motar nan. Ba don haya nake so ba, so nake in riƙa gyara ta da hannuna ranakun Asabar da Lahadi har ta dawo hayyacinta. An ce kafin a ajiye ta tana yawan zafi, wani bakanike kuma ya ce in mayar da ita kafireta in huta. Abokaina na cewa asarar kuɗi ce. In saya? In na saya, ta ina zan fara? Ni dai fenti nake son fara yi.”

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mai motar, ya kyauta namu zuwan. In na fahimce ka, abu uku ne ke damun ka: ko motar ta cancanci saye, ko ka bi shawarar kafireta, sai kuma ta inda za ka kama aikin. Zan fara da wanda ka ajiye a ƙarshe, domin nan ne na fi ganin mutane suna zubar da kuɗinsu. Kada ka fara da fenti. Fenti shi ne aikin ƙarshe, mai yiwuwa sai bayan shekara guda. Na daɗe ina taɓa Golf, kuma na ga motoci da yawa suna ƙyalli kamar amarya alhali ƙasansu ya ruɓe, birkinsu kuma sai an taka sau biyu yake kamawa.

Abokanka suna da gaskiya ta fuska ɗaya. In lissafin riba za ka yi, abin da za ka kashe zai wuce abin da za a taya motar bayan ka gama. Amma kai ma ka ce ba riba kake nema ba. Wani kiwon tantabaru yake yi, wani doki, ba mai tambayar su riba. Abin da ya rage shi ne ka tabbatar wannan motar za ta karɓi wahalar da za ka zuba mata.

Ka fara tabbatar da ko GTI ce

Tambarin GTI a kasuwa ake sayar da shi, kowa na iya mannawa. Volkswagen ta fara sunan GTI a 1976 da Golf ta farko, ita kuma Golf 3 an yi ta daga 1991 zuwa wajen 1997. Wadda muka saba gani tana haya a garuruwanmu yawanci mai injin 1.6 ce ko 1.8. GTI ta Turai mai shan fetur lita 2.0 ce, kuma iri biyu ce: mai bawul 8, ƙarfin doki 115, da mai bawul 16, ƙarfin doki 150. Akwai kuma VR6 mai silinda shida, lita 2.8, ƙarfin doki 174, wadda ita lissafinta daban ne.

Ka tsuguna ka ƙirga notin taya. GTI ɗin da aka yi wa kasuwar Turai biyar gare ta, Golf ta yau da kullum huɗu. Ka leƙa ta cikin rim ɗin baya, faifan birki ya kamata ka gani, ba ganga ba. Sai ka buɗe but, ka ɗaga shimfiɗa wajen safaya taya, akwai wata farar takarda da kamfani ya manna mai ɗauke da lambar casis da lambar injin da lambar fenti. In ba ta goge ba, ita ce takardar haihuwar motar. Mai bawul 8 za ka ga 2E a na farko-farko, ADY ko AGG a na baya, mai bawul 16 kuma ABF. Sannan ka goge maiƙo a jikin bulok ɗin injin ta gaba, ka karanta haruffan da aka buga a ƙarfen, ka ga ko sun yi daidai da na takardar. Sau da yawa injin asali ya mutu tuntuni an dasa mata 1.8 na haya. Ba laifi ba ne, amma ba kuɗin GTI za ka biya ba, kuma ka san akwai neman injin a gabanka. Shekarar motar ma tana cikin lambar casis: bayan WVWZZZ1HZ, harafin da ya biyo shi ne shekara, P 1993, R 1994, S 1995, T 1996, V 1997.

Tunda motar gado ce, kada ka yi ciniki da mutum ɗaya a zaure. A tabbatar duk magada sun yarda, a rubuta, shaidu su sa hannu, a ba ka takardun kwastam da na rajista, lambar casis ɗin da ke cikinsu ta dace da wadda ke jikin ƙarfe. Ba ka son ranar da motar ta yi kyau wani ya fito ya ce shi ba a shawarce shi ba.

Tsatsa ce za ta yanke hukunci

Injin ana sauya shi, giya ana sauya ta, waya ana ja. Gangar jikin da ta ruɓe kuwa ita ce ke cinye mai sha'awa har ya haƙura. Mutanenmu sukan ce ai Arewa ba ma da tsatsa, iskarmu a bushe take. Haka ne, amma motocin nan ba a nan suka yi ƙuruciyarsu ba. Sun yi shekaru a Jamus da Beljiyam da Holan, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kafin su biyo jirgin ruwa su iso mana. Golf 3 kuma ba ta sami kariyar tsatsa irin ta Golf 4 da ta biyo ta ba. Da cutar suka zo, damina uku a tsakar gida ta ƙara mata ƙarfi.

Inda ya fi muhimmanci shi ne dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, daga tayar gaba zuwa ta baya, musamman inda ake kafa jak. A GTI an rufe wurin da baƙar roba, robar nan kuma tana riƙe laka da danshi a bayanta. Wata rana wani matashi ya kawo mini tasa, ja, sabon fenti, yana ta murna. Na kwanta ƙarƙashinta na tura sukudireba a bayan robar, sai ya shige har mariƙi kamar cikin danƙo. Da muka cire robar, abin da ya zubo ɓawon tsatsa ne da busasshen bodifila da guntun kwali da aka cusa don filar ta sami abin kamawa. Yaron ya daɗe a tsugune bai ce komai ba. Mota irin wannan in aka buge ta ta gefe, babu abin da zai tare wa na ciki.

Don haka ka tafi da tocila da sukudireba da ɗan maganaɗisu. Ka bi ƙarƙashin ƙofofi, ka ɗaga kafet ɗin ƙafar direba da na fasinja, ka duba saman shokozoba a cikin banet, da inda ƙarfen tayoyin baya ya kama jikin mota, da ramin safaya taya, da gefen gilashin gaba, da ƙofar but kusa da lamba. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, fila ce a wurin. Mudgad na gaba da ƙofa da murfin but ba abin damuwa ba ne, noti ne, ana samun na gwanjo. Rami ɗaya ko biyu a ƙasa mai walda nagari zai yanke ya sa sabon ƙarfe. Amma in saman shokozoba ko mazaunin ƙarfen baya ya ruɓe, shawarata ka yi musu godiya ka nemi wata. Golf 3 ba ta ƙare a ƙasar nan ba.

Kafin ka murɗa makulli

A ce jikin ya yi kyau, ka saya. Kada ka ɗauko batir ka ce bari ka ji muryarta. A jawo ta gida. Fetur ɗin da ya shekara uku a tanki ya zama wani abu mai wari kamar fenti, in ya shiga nozul sai ya toshe su. A zuƙe shi, a wanke tanki, a sauya matatar mai. Ka juye baƙin mai, ka sa sabo da sabuwar filta. Ka cire fulogi huɗun, ka ɗiga ɗan mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana, washegari ka sa sifana a notin karanshaf ka juya injin da hannu. In ya zagaya sumul, alhamdu lillahi. Ka kuma bi wayoyi da ido, domin ɓera na son motar da aka ajiye.

Taimin bel ka sauya shi da abin ɗaure shi, ko da ya yi maka kama da sabo, don roba tana tsufa a zaune. A mai bawul 16, in ya tsinke fistin zai haɗu da bawul ya lanƙwasa su. Injin 2E yana da wani wuri da ke kama sababbin hannu: alamomi uku ne ake daidaitawa, ba biyu ba. Bayan na karanshaf da na kamshaf, akwai wani shaf na tsakiya da ke juya distiributa da famfon baƙin mai. In ya goce da haƙori ɗaya biyu, mota za ta ƙi tashi ko ta tashi ba ƙarfi, ka yi ta zargin abin da ba shi da laifi. Ka yi alama da farin fenti kafin ka cire tsohon, ka ɗauki hoto da wayarka.

Daga nan ka auna matsin silinda. Ma'aunin ba shi da tsada, kuma shi ne zai gaya maka gaskiyar injin ba tare da ka buɗe shi ba. A mai bawul 8, lafiyayye yana ba da tsakanin bar 10 zuwa 13 (bar shi ne ma'aunin matsi), in ya sauka ƙasa da 7.5 ya gaji. Abin da na fi dubawa shi ne kusancin huɗun da juna. In biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, gasket ɗin kai ya ƙone a tsakaninsu, kuma ga tarihin zafin da ka ambata ba zan yi mamaki ba.

Maganar zafi

Nan zan ɗan daɗe, domin nan ne aka fi cutar da motocin nan da sunan taimako. Abin da aka saba yi wa Golf da ta sauka a ƙasar nan shi ne a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye da makulli, a cika lagireto da ruwan rijiya, wai an yi mata gyaran ƙasar zafi. Kusan na tabbata haka za ka sami taka.

Tamostat ɗin injin nan yana buɗewa ne a wajen digiri 87, kuma aikinsa biyu ne. Yana buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda wani ɗan faifai a gindinsa yana toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin injin kaɗai. In babu shi, wani kaso na ruwan zai riƙa bin gajeriyar hanyar, ba ya zuwa lagireto sam. Sai ka ga mota da safiyar hunturu ta ƙi ɗumi, tana shan mai tana baƙin hayaƙi, da rana kuma cikin cunkoson Kwangila allura ta haura. Ruwan rijiya da na burtsatse kuma suna barin farar ƙasa a cikin siraran bututun lagireto, irin wadda kake gani a gindin butar shayi, ga tsatsa da ke cin bulok ta ciki.

Gyaran ba wani sirri ba ne. Ka sa tamostat mai kyau, yana nan ƙarƙashin famfon ruwa, sai ka ɗan kawar da famfon sitiyari kafin hannunka ya kai. Ka sauya murfin tulun ruwa, domin shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri, kuma ƙaramin abu ne da kowa ke mantawa. Ka mayar da fanka kan makunninta da ke jikin lagireto. Mahaɗan ruwa na roba mai tauri da ke jikin kan injin suna tsagewa da tsufa, ka sauya su tun ba su kunyata ka a hanya ba. Lagireton da ya toshe, sabo ya fi wanki. Sannan ka zuba ruwan sanyaya injin na gaskiya, gauraye da tataccen ruwa irin na batir, kuma kada ka haɗa mai launin shuɗi da mai launin ja. Bayan duk wannan, in ka ga kumfa na tasowa a tulu, ko tiyo ya yi tauri kamar dutse minti biyu da tayar da injin mai sanyi, to sai an sauke kai an kai shi an duba ko ya karkace.

Kafireta

A'a, Malam, kada ka yi. Ban ce bakaniken mugu ba ne. Abin da ya sani ya faɗa maka, kuma ga direban haya da ke son abin da za a iya gyarawa a bakin kowace tasha, akwai hujja. Amma abin da ya sa GTI ta zama GTI shi ne nozul huɗu, kowace silinda da nata, da ƙwaƙwalwar da ke auna mai da wuta. In ka cire su ka rage ƙarfi, ka ƙara shan mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da lita take nufi. Ga haɗari kuma: famfon man injekta yana turo mai da matsin da ya kai bar 3, kafireta ko rabin bar ɗaya ba ta buƙata. In aka yi juyin da ganganci, fetur ne zai riƙa malala a kan injin mai zafi.

Tsarin da ke kan 2E, wanda ake kira Digifant, ba shi da wuyar fahimta, kuma abubuwan da ke lalacewa a cikinsa sanannu ne. Na farko ɗan sensa mai shuɗin kai da ke jikin mahaɗar ruwa, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa zafin injin. In ya mutu, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka kullum sanyi ake, ta yi ta ambaliyar mai. Na taɓa karɓar wata da har an sayo mata kafireta an ajiye a but, fulogi baƙi ƙirin, hayaƙi na sa hawaye. Sensan nan muka sauya, abin da bai kai babban yatsa ba, muka wanke fulogi, ta zauna tana salo lafiya lau. Na biyu rile mai lamba 30 a akwatin fiyus, wanda ke ba ƙwaƙwalwa wuta, in dalmarsa ta tsage mota kan mutu tana cikin tafiya ta kuma tashi bayan ta huce. Sai kwayil da ke tsagewa, da sensan cikin distiributa, da babbar robar iska da ke yagewa ta ƙasa inda ido ba ya gani. Wayoyin as kuma, na batir zuwa bodi da na injin zuwa bodi, ka kankare su su yi fes tun ranar farko. In suka yi rauni, wutar kik kan nemi hanya ta cikin ƙwaƙwalwa ta ƙona ta.

Ka sayi mitar auna wuta ka koyi aiki da ita. Kai malami ne, mako biyu ya ishe ka. Kuma duk wanda ka ga ya ɗauko reza zai yanka waya don ya yi gada, ka riƙe hannunsa.

Birki da ƙafafu, sannan kwalliya

Ranar da injin ya tashi zuciyarka za ta ce ka hau titin Kano. Ka daure. Birkin baya na GTI yana maƙalewa in ya daɗe a ajiye, saboda birkin hannu a cikinsa yake. Ka kwance huɗun, ka sauya robobi da tiyo, ka zubar da tsohon man birki gaba ɗaya ka sa DOT 4, domin yana shan danshi. Taya ka karanta lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta tsufa ko zanenta bai goge ba, kwaltar watan Afrilu za ta fasa ta. Sai bushin na hannayen gaba, da na ƙarfen baya, da boljoyin, da mazaunin shokozoba. Waɗannan su ne ke dawo wa motar da daɗin kwana da ka sani tun kana yaro. Kada ka yarda a yanke sifirin don ta yi ƙasa, hanyoyinmu da kwanciyar 'yan sanda za su fasa maka kaskon baƙin mai. Kuma kada ka taɓa shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, sai da matokara ta ƙarfe a kan siminti.

Wajen kayan gyara ka yi sa'a. Yawancin na jiki da na lantarki ɗaya suke da na Golf 3 ta haya da Vento, injin 2E kuma akwai shi a Passat ta wancan zamani. Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano duk kusa suke da kai, abin da ya gagara a aiko daga Ladipo a Legas. Inda za ka sha wuya shi ne kayan ƙafar gaba na mai noti biyar, don sun bambanta da na mai huɗu, da kujerun asali, da robobin gefe. Ka riƙa tafiya da tsohon a hannu, ka karanta lambar da ke jikinsa. Sensa da rile na gwanjo na asali sun fi mini sabo marar suna, amma bel da roba da kayan birki sabo kawai.

Ga iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa. Ban ga motar ba, ban ji ƙararta ba, kuma hukuncin tsatsa sai da ido da hannu. Akwai kuma ayyukan da ni kaina nake kai wa masu su: walda a ginshiƙin mota, gyaran kan injin a wurin masu inji, buɗe cikin giya, da fenti. In kuma ka duba ka ga VR6 ce, ka sake lissafi, domin sarƙar taiminta tana ta ɓangaren giya, sai an sauke giya ake kai mata, ba aikin Asabar ɗaya ba ne.

Abu ɗaya nake roƙon ka: kada ka wargaza ta gaba ɗaya a lokaci guda. Motocin sha'awa da na ga sun mutu, a cikin kwalaye da buhuna suka mutu, an kwance komai a wata ɗaya, kuɗi ya yanke, notuna suka ɓace. Ka ɗauki aiki ɗaya ka gama shi ka mayar, kowane noti a leda da rubutu, kowane kashe kuɗi a littafi, abin da za ka ware daga albashi kuma uwargida ta san da shi. In ta yi wata shida tana kai ka makaranta ba zafi ba mutuwa a hanya, sannan ka kwafi lambar fentin da ke farar takardar nan ka kai wa mai fenti, bayan damina ta ɗauke kuma kafin ƙurar hunturu ta sauko. Kafin nan, wannan Asabar ɗin ka je da tocila da sukudireba, ka turo mini hoton ƙarƙashin ƙofofin biyu da na takardar but ɗin.